Abin da aikin gandiroba ya koya mini a ɓangaren mata

A makarantar horar da ma'aikatan gidan yari da ke Buea, a ƙasar Kamaru, mun koyi ƙidayar fursunoni safe da yamma, da binciken kaya, da riƙon makulli. Duk sun yi mini amfani. Amma da aka turo ni nan arewa, aka ba ni ɓangaren mata, sai na tarar abin da ya fi cin ran matan da ke tsare shi ne rashin sanin inda maganarsu ta kwana.

Da yawa jiran shari'a suke yi. Takardar da aka kawo su da ita da Faransanci take, su kuwa Hausa ko Fillanci suke ji, wasu ma ko boko ba su taɓa shiga ba. Dokar bin shari'ar laifuka ta Kamaru, wadda ta fara aiki a 2007, ta ce tsarewar da alƙalin bincike zai yi wa mutum ba za ta wuce wata 6 ba, in zai ƙara sai ya kawo dalili, kuma ƙarin yana da iyaka. Macen da aka fayyace wa haka da harshenta takan ƙirga kwanakinta, ta san ranar da za ta aika a nemi lauya. Wadda ba a gaya wa ba sai ta daina cin abinci, ko ta huce a kan maƙwabciyar tabarmarta.

Wata dattijuwa takan tare ni ta ce, "'Yata, yaushe za su kira ni?" Nakan ce, "Inna, ranar Litinin zan duba miki a ofis." Litinin ɗin kuwa sai na dawo da amsa, ko da amsar ita ce babu labari. Alkawarin saki dai ba na yi, don ba a hannuna yake ba.

Ƙa'idojin Bangkok guda 70 na kula da mata fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010 sun ce a ba mata audugar al'ada kyauta, kada a kulle mai ciki ko mai shayarwa ita kaɗai da sunan horo, kada kuma a hana uwa ganin 'ya'yanta don ta yi laifi a ciki. Na ƙarshen nan na fi riƙewa. Uwar da ta ga ɗanta ranar ziyara, sati guda ana samun lafiyar zama da ita.

Inda aikin yake da santsi shi ne sabo. Ka ja mace ɗaya a jiki, sauran su ce 'yar leƙen asiri ce, ka jawo mata tsana. Shi ya sa ko kunun buɗa-baki 'yan unguwa suka kawo sadaka da azumi, a tsakar fili nake sa a raba, kowa na kallo, masu goyo su fara karɓa.