Godiyarmu ga duk wanda ya tsaya mana har Auta ta dawo daga Sumi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Kamar yadda da yawanku kuka riga kuka ji, Allah Ya dawo mana da Autarmu, da ƙafarta ta shigo gida. Na so in rubuta wannan tun ranar da ta iso, jiki ne ya ƙi. Sai da hankali ya kwanta sannan gajiyar ta fito, har yanzu in na zauna barci ne yake ɗauke ni. Inna ce ta matsa, ta ce kada in bari mutane su ga kamar mun manta da su, don haka da yawunta nake magana, da na sauran 'yan gidanmu.

Ba sai na maimaita labari ba. Kun bi mu tun ranar 24 ga Fabrairun 2022 da Rasha ta afka wa Yukren, kun san Sumi, inda Auta take karatun likita a Yukren, tana dab da iyakar Rasha, kun san yadda ɗaliban wasu garuruwa suka samu suka fice na Sumi kuma aka rufe su ta ko'ina. Dare ɗaya kawai nake so in faɗa, saboda mutumin da ya tsaya mini a cikinsa.

Ranar 3 ga Maris ce aka kai harin da ya ɗauke musu wuta da ruwa. Bayan isha'i saƙon murya ya shigo mini. Muryarta ƙasa-ƙasa, ana jin kukan wasu a bayanta, suna ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda suke ɓuya. Ta ce cajinta ya kusa ƙarewa, ba ta san yaushe za ta ƙara samu ba. Sai ta ce, "Yaya, ka ce wa Inna ta yafe mini." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na kira, a kashe. Inna tana kan darduma a tsakar gida da carbinta, ta ɗago ta ce, "Ita ce?" Na ce eh, tana gaishe ki. Na fita waje don kada ta ga fuskata. Tawa wayar ma saura kaɗan ta mutu, ga garinmu ba wuta, kuma na tabbata in yarinyar nan ta samu ko minti ɗaya ni za ta nema.

Dare ya riga ya raba lokacin da na buga ƙofar mai cajin waya na bakin kasuwa. Na san ba ya son a ambace shi, ya ma roƙe ni kada in yi, amma ya yi haƙuri, duk garin nan mai caji ɗaya ne a bakin kasuwa kuma kowa ya san shi. Ku tuna lokacin ana tsakiyar wahalar man fetur, galan ma sai an sha wuya a wurin 'yan bumburutu. Ɗan man da ya rage masa na sana'ar washegari ne, da shi zai ciyar da iyalinsa. Bai tambaye ni komai ba. Ya dubi fuskata, ya koma ciki ya ɗauko makulli, ya buɗe shago ya tayar da janareta saboda waya guda ɗaya. Ya shimfiɗa mini buhu, shi ma ya zauna. Ban iya magana ba, shi ma bai matsa ba, sai can ya ce, "Malam, mu yi ta salati, Wanda Ya kai ta Shi zai dawo da ita." Haka muka zauna cikin sanyi, wayar na gabanmu, har aka kira assalatu. Da na zaro kuɗi sai ya ɓata rai, ya ce in na ƙara miƙo masa ba shi ba ni. Saƙon bai shigo a daren ba, sai da rana ta yi sosai wata ƙawarta ta turo cewa suna raye, suna narka ƙanƙara su sha. Amma ni na san da ni kaɗai na kwana da wannan saƙon a ɗaki, ban san halin da gari zai waye mini a ciki ba. Ɗan'uwa, Allah Ya buɗa maka ta inda ba ka zato, Ya raya maka zuri'a, kada Ya nuna maka irin wannan dare a kan naka.

Baba Liman, Allah Ya ƙara girma. Kun sa an yi ta alƙunutu, almajiranku sun sauke Alƙur'ani ba tare da mun nema ba. Mai gari ya aiko, ya kuma zo da kansa. Matan unguwa kuwa ban san da wane baki zan gode musu ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, sun nuna mana haka. Tukunyar gidanmu ba mu muka riƙa ɗora ta ba, kuma ba a taɓa barin Inna ta kwana ita kaɗai ba. Kawu, ƙanin Inna, ya kai sansa na noma kasuwar Gujungu ya sayar don a samu abin tura mata, alhali damina na tafe. Kawu, mun gani, kuma Allah Ya gani.

Akwai waɗanda ba za su taɓa karanta wannan ba. Ɗalibai 'yan'uwanta, 'yan Najeriya da 'yan Indiya da na wasu ƙasashe, waɗanda suka riƙa raba burodi da ruwa da cajin waya, Musulmi da Kirista ba wanda ya tambayi wani. Da wata tsohuwa 'yar Yukren da ta ga ƙafar yarinyar nan ta sandare a jirgin ƙasa, ta ciro safa mai kauri daga jakarta ta sa mata da hannunta. Ba sa jin yaren juna. Ita ma tsohuwar gudu take yi, ta baro gidanta. Auta ta zo da safar har gida, Inna ta ce a wanke a adana. Allah Ya mayar da baiwar Allahn nan ɗakinta lafiya.

Sai ranar 8 ga Maris aka buɗe musu hanya, bayan daren da bam ya kashe fararen hula sama da 20 a garin, har da yara. Motoci suka kwashe su zuwa Poltava, daga nan jirgin ƙasa ya yi yamma da su har suka tsallaka iyaka. Muna godiya ga gwamnatin tarayya da ta ware dala miliyan 8.5 don kwaso 'yan ƙasa, da ma'aikatan ofisoshin jakadancinmu a Polan da Hangari da Romaniya, da matuƙan jiragen da suka yi ta jigila zuwa Abuja. Wanda ya yi abin kirki a faɗa. Direban da ya ɗauko mu daga tashar 'Yankaba zuwa gida, da ya ji daga inda take, ya ƙi karɓar kuɗin kujerarta. Ban ma san sunansa ba.

Wata magana tana cina, ku yi haƙuri in faɗe ta a nan. Duk tsawon kwanakin nan rediyo ba ta bar kunnena ba, daga BBC in koma DW in koma Muryar Amurka. Na ji ranar 2 ga Maris da ƙasashe 141 suka kaɗa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Rasha ta janye, har da Najeriya, 5 suka ƙi, 35 suka yi shiru. Na ji takunkumin da Amurka da Ingila da Tarayyar Turai suka yi ta ƙaƙabawa. Duk an yi, amma washegarin ƙuri'ar nan ne aka ɗauke wa yaranmu wuta da ruwa. Na kuma ji yadda Turai ta buɗe ƙofa ga 'yan Yukren, abin da ya dace a yi wa duk mai gudun yaƙi, amma a farkon kwanakin baƙar fata ana ture shi daga jirgin ƙasa, ana mayar da shi ƙarshen layi a bakin iyaka cikin ƙanƙara, har sai da Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwa ranar 28 ga Fabrairu, ta bakin shugabanninta na lokacin, Macky Sall da Moussa Faki Mahamat, tana Allah wadai da hakan. Wannan ya yi mana ciwo ƙwarai, kuma ba za mu manta ba.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai a gida na ji shi. A teburin mai shayi matasa suna ta musu, wasu na kirari ga Putin wai ya taka wa Turawa burki, kamar ana hirar ƙwallo. Na fahimci inda haushin ya fito. Ni ma ban manta da Iraƙi a 2003 ba, ban manta da Libiya a 2011 ba, kuma mu nan Arewa mun ɗanɗana abin da rushewar Libiya ta jawo na yaɗuwar makamai. Wanda ya ce manyan ƙasashen Yamma suna da fuska biyu bai yi ƙarya ba. Sai dai zaluncin da aka yi a Bagadaza bai halatta wanda ake yi a Sumi ba. Babbar ƙasa ce ta shiga gidan maƙwabciyarta da ba ta kai ta ƙarfi ba, kuma waɗanda ke ƙarƙashin bam ɗin tsofaffi ne da yara da ɗalibai irin tamu. A Kharkiv ɗalibin likita ɗan Indiya ya fita neman abinci ranar 1 ga Maris, bai dawo ba. Shi ma yana da uwa. Ƙannena, ina roƙonku, in za ku yi hirar yaƙin nan ku yi ta da tausayi. Mu manoma ma ba mu tsira ba, domin ƙasashen nan biyu suna cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, Rasha kuma taki, kuma duk abin da ya taɓa su sai ya iso buhun da za mu saya.

'Yan'uwa na jini da suka zo, da waɗanda suka kira daga nesa, mun gode. Akwai kuma waɗanda muka yi ta duban hanya. Lokacin da marigayi Baba ya sayar da gonar fadama don yarinyar nan ta karanci likita, an yi maganganu, an ce me ya kai 'ya mace ƙasar sanyi. Mun ɗauka ranar wuya za a ajiye wannan gefe. Daga Kano zuwa nan ba tafiyar kwana ba ce, kuma waya tana shiga. Inna ta hana ni in ƙara a kan haka, ta ce zumunta a ƙafa take, mu za mu je. To, za mu je.

Ya Allah, Kai Ka tsare ta a inda ba mu da ido ba mu da hannu, Ka karɓi godiyarmu. Ka saka wa duk wanda ya yi mana addu'a, ko a zuci ne, da mafificin alheri. Wanda ya ciyar, Ka ciyar da shi. Wanda ya yi hawaye saboda mu, Ka share masa nasa. Ka jiƙan Baba, Ka kai haske kabarinsa, Ka cika masa burinsa a kan wannan yarinya. Iyayen da har yanzu 'ya'yansu ba su iso ba, Ka haɗa fuskokinsu da alheri. Mutanen Yukren da aka raba da gidajensu, da iyayen sojojin da ake kashewa ta kowane ɓangare, Ka kawo musu ƙarshen wannan masifa. Namu na Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno da ke kwana a daji ba jirgin da zai zo ɗaukarsu, ya Rabbi Ka dube su. Ka nuna mana watan Ramadan da ke tafe cikin aminci. Amin summa amin.

Masu tambayar makomar karatunta, mun bar wa Allah tukuna, lafiyarta muke bi. Har yanzu ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura, barcinta ma bai daidaita ba. Don haka masu zuwa barka, muna roƙo a bari sai bayan la'asar, kuma don Allah kada a matsa mata da tambayar abin da ta gani. In Allah Ya kai mu Juma'a za a yi saukar Alƙur'ani da sadaka a ƙofar gida bayan an sauko daga masallaci, kowa da kowa muna gayyata.

Wassalamu alaikum.