Shekara Biyu a Kumasi da Auren Kafintan da Ya Hana Ni Barci

Duk saurayin da ke shirin tafiya aikin mishan yana tambayar takalmi nawa zai saya, wane irin wando ne ke jure wanki, da kuma ko mutum yana iya rayuwa babu kallon ƙwallo. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga shekara biyun da na yi shi ne maganar aure. Ba auren ɗan mishan ba, wannan sai ka dawo gida. Auren mutanen da za ka koyar nake nufi.

Ni ɗan Jos ne, a ikilisiyar da mutane ke kira Mormon na tashi tun ina yaro. A 2018 takardar kira ta zo, aka tura ni mishan na Kumasi a Ghana. Na fara da horo a cibiyar 'yan mishan da ke Accra, sabon ginin da aka buɗe a 2017 kusa da haikali bayan an taso daga Tema. Nan komai ya tafi daidai. Aka maƙala mini baƙin allon suna a aljihun farar riga, sunan yanka ya koma gefe, kowa ya shiga kirana Elda. A shekarar ce Shugaba Russell M. Nelson, shugaban ikilisiyarmu na lokacin, ya roƙi mu daina kiran kanmu Mormon, mu riƙa faɗin cikakken suna, Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Mu mun bi, amma yaran mota a tashar Kejetia ba su canza ba, da tsohon sunan suke ƙwala mana kira har na bar ƙasar.

Tsarin yini kowa ya san shi. Shida da rabi a tashi, addu'a, motsa jiki, karatun Littafi Mai Tsarki da Littafin Mormon kai kaɗai, sannan tare da abokin tafiyarka, a tsara inda za a, a fita. Goma da rabi na dare a kashe fitila. Litinin ranar wanki ce da cefane da rubuta wasiƙa ga shugaban mishan da kuma gida. Babu talabijin, babu iyo, kuma abokin tafiyarka ba ya ɓace maka daga gani ko ji, sai dai in banɗaki ya shiga. Ranar da Asante Kotoko ke wasa a filin Baba Yara, gari ya ɗauki ihu, mu kuwa muna tafe da jakunkunanmu. Wannan ya ci mini rai a farko, daga baya ya wuce.

Abin da ya faranta mini rai tun da wuri shi ne zango. In hanya ta bi da mu ta Aboabo ko Asawase, sai in ji Hausa ta ko'ina, masu koko da ƙosai suna ciniki. Dokar mishan ɗinmu ita ce ba ma koyar da Musulmi sai da izinin shugaban mishan, don haka gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, kuma ni hakan ya yi mini daidai. Wani tsoho mai shayi ya ji na gaishe shi, ya dubi rigata, ya dubi allon sunana, ya ce, "Yaro, ɗan ina ne kai?" Na ce, "Ɗan Jos ne, Baba." Ya miƙo shayi, na ce addinina ya hana ni ganyen shayi da kofi. Bai yi musu ba, ya dama mini Milo, ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce Allah ya mai da ni gida lafiya.

Kafintan kuwa a wata unguwa wajen Kwadaso muka same shi. Abokin tafiyata a lokacin ɗan jihar Idaho ne a Amurka, yaro mai ƙwazo da gaskiya, iyayensa suna biyan dala 400 duk wata kamar yadda tsarin can yake a lokacin, wani ɓangare kuma daga abin da ya tara da aikin gona. Mun tarar da mutumin yana fama da wani gado shi kaɗai, muka riƙe masa katako, daga nan zance ya fara. Yana da mata mai sayar da tumatir a kasuwa, da 'ya'ya uku. Ban taɓa ganin wanda ya karɓi bishara da yunwa irin tasa ba. Abin da muka ba shi ya karanta da dare, da safe yana jiranmu da tambayoyi. Ya bar akpeteshie, giyar da ya yi shekaru yana sha, ya bar taba. Da muka zo maganar ushiri bai ko ɗaga gira ba. Ran Lahadi sukan riga mu zuwa majami'a, su biyar a layi ɗaya.

Mun tambaye shi ko suna da aure. Ya ce e, ya nuna matar, ya nuna yaran. Kowa a unguwar matarsa yake ce mata. Kuma ba ƙarya ya yi mana ba, a zuciyarsa haka abin yake. Muka sa ranar baftisma, wata Asabar, shi da ita da babbar 'yarsu wadda ta haura shekara takwas. An wanke wurin baftisma, an gwada musu fararen kaya, matan ikilisiya sun shirya abinci.

Ka'ida ce wanda ya koyar ba shi ke yin ganawar ƙarshe kafin baftisma ba, wani ɗan mishan ne da ke shugabantar gunduma. Namu ɗan Cape Coast ne, ya san al'adar Akan ciki da waje. Ya shiga da kafintan, ba su daɗe ba ya fito, ya ja mu gefe. Ya ce abin da aka yi shekaru da suka wuce ƙwanƙwasa ƙofa ne kawai, wato zuwan farko da dangin namiji ke yi don neman izini. Dangin matar sun ba da takardar kaya, kafintan ya kasa, ciki ya shiga, ta tare a ɗakinsa, rayuwa ta ci gaba. Ba a kai tiri nsa ba, abin shan da ke ɗaure aure a wurinsu. A idon danginta, da idon doka, babu aure. Dokar ikilisiya kuma a fili take: namiji da mace da ke zama tare sai sun yi aure halal, ko su rabu, kafin a yi musu baftisma.

Ni aka bar wa faɗa masa. Har yau in na tuna fuskarsa sai gabana ya faɗi. Ya ajiye gudumarsa, ya ce, "Elda, na bar giya, na bar taba, na kawo 'ya'yana. Yau kuma ka ce mini matata ba matata ba ce?" Matar tana bakin ƙofa, ta ja zani ta rufe fuska. Lahadin da ta biyo ba su zo ba.

Ba na jayayya da dokar. Na gaskata aure alkawari ne a gaban Allah, kuma mace da 'ya'yanta sun cancanci kariyar da aure na gaskiya ke bayarwa, musamman ranar da miji ya mutu dangi suka taso. Abin da ke ƙona mini rai shi ne takardar nan. Ya ɗauko ta daga cikin akwati, ta yi ja don tsufa: turamen zane shida, keken ɗinki, akwati, zobe, Littafi Mai Tsarki, kwalaben giya, kuɗin uba, kuɗin uwa, kuɗin 'yan'uwanta maza da suke kira akonta sekan. Wanda ya ga yadda lefe ke hana samari aure a garuruwanmu ya san irin wannan nauyi. Mutumin da ke ciyar da baki biyar da kuɗin gado da kujera, a ina zai samo?

Abokin tafiyata ya ga hanya mai sauƙi. A je wurin rajistar aure, a manna sanarwa ta kwana 21, a sa hannu, kuɗin kaɗan ne. A doka ya yi daidai. Matar ta ce sam. Ta ce ba za ta sa hannu a bayan idon kawunta ba, gara ta zauna yadda take da a ce ta raina danginta. Abokin tafiyata abin ya ɗaure masa kai, ni kuwa na gane ta sarai, mun kwana muna muhawara a kai. A al'adar Akan dangi ta wajen uwa ake bi, mahaifinta ya rasu, don haka maganar kawun nan ita ce magana. Shugabanninmu, irin su Dallin H. Oaks, sun yi wa mambobin Afirka magana a kan yadda tsadar kuɗin aure ke hana matasa aure, amma kawun ba ɗan ikilisiyarmu ba ne, babu abin da ya haɗa shi da wannan.

Nan ne na ji nauyin wata doka da a da ban ɗauke ta komai ba: ɗan mishan ba ya ba da kuɗi, ba ya ba da rance ga wanda yake koyarwa. Na san dalilinta, kada mutum ya shiga ruwan baftisma don abin hannu. Duk da haka dare da yawa na kwanta ina lissafin abin da zan iya ragewa daga kuɗin abincina. Ban ba kafintan ko sidi ɗaya na kuɗin Ghana ba, amma na yi addu'o'in da ban taɓa yin irinsu ba, wasu da hawaye, wasu da fushi. Lahadin farko ta wata, ranar azumi, muka bar cin abinci sau biyu kamar yadda aka saba, muka sa wannan iyali kaɗai a gaba.

Amsar ta zo ta bakin uwata. A watan Fabrairu na 2019 aka sauya doka, aka yarda ɗan mishan ya kira gida kowane mako a ranar wanki, maimakon sau biyu a shekara, Kirsimeti da ranar iyaye mata. Na zayyana mata komai ban ambaci suna ba. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ɗana, ku yara biyu da ba ku taɓa neman aure ba, ku ne za ku gyara aure? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ku nemi dattijo."

Akwai dattijo a ikilisiyar, tsohon malamin makaranta, yana cikin waɗanda suka ga lokacin da gwamnatin Rawlings, shugaban Ghana na lokacin, ta dakatar da ayyukan ikilisiya a ranar 14 ga Yuni, 1989, aka kulle majami'u, aka kori 'yan mishan na waje. Har ƙarshen 1990 a falonsa yake yin jibin Ubangiji da iyalinsa. Mutum ne da ya san jira. Da bishop, wato shugaban majami'ar unguwar, ya kai masa maganar, ya ɗaura zanensa a kafaɗa, ya ɗauki kafintan da wani ɗan'uwansa, suka hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa ƙauyen matar a wajen Mampong. Mu ba mu je ba, kuma daidai ne da ba mu je ba. Zuwan farko kawun ya ƙara musu tara saboda cikin da aka yi kafin aure. Da labarin ya iso mini sai da na fita bayan gida na zauna ni kaɗai. Mutumin da 'yar ƙanwarsa ta haifi uku a ɗakin wani, maimakon ya yi murna an zo gyara, sai ya ga kasuwa ta buɗe. Har yanzu ban huce da wannan ba.

Ana cikin haka canjin wuri ya zo, wanda ake yi duk mako shida. Waya ta shigo da dare, aka ce Sunyani. Na haɗa jakata, na je shagon na yi masa sallama. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce zai koma majami'a ko da ba a sa shi a ruwa ba.

Sai bayan watanni, a wani taron 'yan mishan, wanda ya gaje ni ya miƙo mini hoto: su uku cikin fararen kaya, dattijon a gefe. Dattijon ya yi ta komawa ƙauyen har aka cire keken ɗinki da akwati, aka yafe tarar, aka karɓi kuɗi a madadin giya, kafintan ya yi wa tsohuwar gidan gado da hannunsa. An ɗaura auren gargajiya, wanda dokar Ghana ta amince da shi, aka yi masa rajista. Na yi kuka a gaban mutane, ban damu ba. Wani ne ya tsaya da shi a cikin ruwa, ba ni ba, wannan kuma yana ɗan sosa mini rai har yau, amma farin cikin ya fi.

Daga nan duk gidan da muka shiga na canza tambaya. Ba na cewa "kuna da aure?" domin kowa e zai ce maka. Sai in ce, "Baba, a ba ni labarin yadda aka yi bikin. Wa ya je? Me aka kai? Wa ya karɓa?" Mutane suna jin daɗin ba da labarin aurensu, a ciki kuma za ka ji inda aka tsaya. Ka yi wannan a zama na biyu ko na uku, kafin ka ambaci wata Asabar. Mu matasa muna son ganin rana a rubuce a littafin tsare-tsare, amma rana da aka sa aka ɗage tana karya zuciyar magidanci a gaban matarsa da 'ya'yansa, na ga wannan da idona. In ka ji akwai takardar kaya da ba a biya ba, kada ka ce a ruga rajista, kada ka soki al'adar mutane a gabansu, kada ka taɓa aljihunka. Kai wa bishop a ranar, a nemo dattijo ko dattijuwa da ke jin yaren dangin, kai kuma ka ci gaba da zuwa shagon kana riƙe katako.

Sabon mamba sai ya cika shekara kafin a hatimce aurensa a haikali, wato a ɗaure shi har abada a ginin ibada na musamman da ya bambanta da majami'a, kuma daga Kumasi sai an yi tafiya zuwa Accra, inda aka keɓe haikali a 2004. Kuɗin motar mutum biyar da masauki ba ƙaramin abu ba ne ga kafinta. A watan Afrilu na 2021 da aka sanar za a gina haikali a Kumasi, kafintan ya riga kowa aiko mini saƙo, ya ce ba zai jira ginin ba, yana tara kuɗin Accra a asusu. Na gaya masa yanzu na ajiye allon suna, dokar nan ba ta kaina, kujerun yaran uku a mota ni zan biya.