Karce a Jikin Tankin Kifin Ado: Abin da Kayan Gida Ke Iya Gyarawa

Darasi na farko da aikin tankin kifi ke koya wa mutum shi ne a san da me aka yi tankin kafin a taɓa shi. Akwai na gilashi, akwai na akirilik, wato robar nan mai haske kamar gilashi. Ƙwanƙwasa da farce: gilashi kan yi ƙara mai kaifi kuma da sanyi a hannu, akirilik kuwa ƙararsa a dushe take. Abin da ke gyara ɗaya yana iya lalata ɗayan.

Sai a tabbatar karce ne. Ruwan rijiyar burtsatse kan bar farin layi a saman tanki, mutane su ɗauka ƙarzuwa ce. Jiƙa tsumma da ruwan khal fari, rabi khal rabi ruwa, a ɗora minti 10. In layin ya tafi, dama ba karce ba ne. In yana nan, ja farce a kansa. Farce ya wuce sumul, akwai fatan gyaruwa. Ya maƙale, to ya yi zurfi, kayan kicin ba za su taɓuka komai ba.

Idan karcen a ciki yake, dole a kwashe kifin zuwa bokiti mai tsabta da ruwan tankinsu, a rage ruwa har ƙasa da wurin. Domin man goge baki da ake gyaran da shi na ɗauke da sinadarin kumfa da ke cutar da kifi ko da kaɗan ne.

A kan akirilik ne dabarar gida ke aiki sosai. A samu farin man goge baki, ba mai kama da jeli ba, a ɗiba kamar ƙwayar wake a tsumman auduga mai laushi, a riƙa murzawa a zagaye minti 2 zuwa 3, a goge da ruwa a duba. Ana iya maimaitawa sau uku ko huɗu. Bekin soda ma na yi: cokali uku da cokali ɗaya na ruwa, a kwaɓa. Karcen da ya fi haka sai sanfefa ta ruwa, a fara da lamba 1000, a koma 1500, 2000, sai 3000, a ƙare da man goge akirilik don hasken ya dawo, kullum a jiƙe, ana sauya fuskar gugar a kowace lamba. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake lamba don sauri. Wurin sai ya yi hazo. Na biyu, nacewa a wuri guda. Hakan na yin ɗan kwari, kifi in ya gifta sai a gan shi a karkace. A faɗaɗa gugar santimita biyar ko fiye a kewaye.

Gilashi fa wani labari ne. Ya fi bekin soda tauri nesa ba kusa ba, don haka man goge baki kan wanke dattin da ke cikin karcen ne kawai har ya rage fitowa. Mai cin gilashi da gaske shi ne garin cerium oxide, kuma yana son haƙuri. Masu sa na'urar guga su kula, zafi a wuri ɗaya na fasa gilashi. Sau da yawa abin da ya fi sauƙi shi ne a juya tankin, gefen mai karce ya koma bango. In kuwa tsagewa ce, ba a gyara ta da guga, sai sauya gilashin.

Kada guga ta kai gam ɗin silikon da ke kusurwa, nan yoyo ke farawa. Reza tana kankare gansakuka a gilashi, amma a akirilik sabon karce take yi. Ruwan wanke taga da sifirit na asibiti kuma na sa akirilik ya yi ƙananan tsage.

Sau da yawa karce daga ƙwayar yashi ɗaya yake, wadda ta shiga ƙarƙashin magogin maganaɗisu, wato wanda ake ja daga waje yana goge cikin tankin. A tsayar da magogin yatsa biyu sama da yashin ƙasa, a ɗauraye shi kafin kowane amfani. Bayan gyara a ɗauraye tankin sau uku da ruwa zalla, ba sabulu, sannan a mayar da kifin.