Wasiƙa daga Liyon: ku daina zuba man gyaɗa a galan ɗin feshi

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na Garwa da Marwa. Ya aikin damina?

Ɗanku ne da ke aikin jinya a Liyon ta Faransa, kuma zancen hanta ya sa na rubuto. A gida mun ɗauka kitse a hanta ciwon mashayin bilbil ne, ko na alhaji mai tumbi. To siririn manomin da bai taɓa kusantar giya ba ma yana kamuwa.

Kusan duk abin da muka ci, ta hanta yake bi. Ita ke ƙona kitse, ragowar ta haɗa shi da furotin ta tura cikin jini, tamkar masu lodi a tasha. Wasu sinadarai kuwa, garin ta narkar da su sai su rikiɗe su fi da dafi, su lalata mata ƙwayoyinta. Lodi ya tsaya, kitse ya yi ta taruwa. Da zarar ya haura kashi 5 cikin 100 na nauyinta, cuta ta samu. Daga nan kumburi, sai tabo, har ta yi tauri. Duk wannan ba ciwo ba zazzaɓi. Sai ranar da ido ya yi rawaya, ciki ya cika da ruwa, a ce sammu ne.

A 1974 aka gano dajin hanta a jikin ma'aikatan wata masana'antar roba a Louisville ta Amurka, saboda shaƙar iskar vinyl chloride, sinadarin da ake haɗa robar da shi. Da aka sake bincike daga baya, da yawansu hantarsu cike take da kitse, alhali gwajin jinin da aka saba yi bai nuna komai ba.

Mu namu ya fi kusa. Galan ɗin maganin feshin auduga, a ɗauraye da toka, a zuba man gyaɗa. Magungunan ƙwari irin su DDT a mai suke narkewa, su zauna a jiki shekaru. Ga wake da busasshen kifi da ake yayyafa wa maganin ƙwari don kada su yi huhu. Ga gyaɗa da masara masu funfuna, masu dafin aflatoxin. Gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004. In mutum na da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi mana yawa, haɗarin daji ninkuwa yake.

Inna, na san galan kuɗi ne. Amma don Allah in maganin ya ƙare, a huda gindinsa da ƙusa kafin yara su kai shi rijiya.

A gaida kowa da kowa.