Noman dankalin turawa a tsaunukan Filato: inda ribar ke zubewa

Ƙannena masu shirin mayar da gonar dankalin gida ta zama ta kasuwa a Bokkos, Mangu ko Barkin Ladi, sanyin tudun nan yana ba ku abin da manomin Kano ba ya samu da damina. Amma yawancin asarar da mu na gabanku muka tafka, tun kafin a sa iri a ƙasa take farawa.

Iri ne kan gaba. Al'adarmu ita ce a sayar da manyan, a ajiye ƙananan da kasuwa ta ƙi don shuka. Sau da yawa cuta ce ta hana su girma, kuma ita za ka sake binnewa a gonarka. Nemi iri mai girman ƙwan kaza, mai gajeren tsiro mai kauri, daga gonar da ka gani da idonka tun tana kore, ko ka tuntuɓi tashar binciken dankali da ke Kuru. Kafin ka biya, yanka guda goma daga tsakiyar buhu. In ka ga zobe mai ruwan ƙasa a ciki, ko farin ruwa na tsatsowa kamar mugunya, bar shi ko da kyauta ne. Cutar yanƙwanewa ke nan, feshi ba ya maganinta, tana zama a ƙasa shekaru. Hekta ɗaya tana cin kusan tan 2 na iri, a tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 30 tsakanin rami da rami. Wanda ba shi da kuɗin iri mai kyau na hekta, ya shuka rabi.

A gangare, ja kunya a gicciye, ka bar wa ruwa 'yar hanyar fita. In kunyar ta bi gangaren, ruwan sama ɗaya zai kwashe takinka ya kai wa na ƙasa da kai. Kada dankali ya bi dankali, tumatir, barkono ko gauta a fili ɗaya, danginsu guda, cutarsu guda. Sa masara ko acca a tsakani.

Sai cutar bilait, mai ƙone ganye. Sanyi da yayyafi da hazo take so, kuma cikin mako guda tana iya baƙanta gona. Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran a ga tabo. Maganin feshi na Mancozeb rigakafi ne, ba ya warkarwa: fara da zarar ganye ya soma rufe kunya, duk mako in ana ruwa, ka juya bakin famfo ya jiƙa bayan ganyen, don can cutar ke fara fitar da farin gashi. Maganin Ridomil kuwa na lokacin da ta ɓulla ne, kuma kada a mayar da shi abin kullum, cutar za ta saba. Sayi maganin tare da iri, domin ranar da bilait ta sauka kowa na shagon magani.

Saura mako biyu a tone, sare ganyen don ɓawon ya yi ƙwari. Dankalin da fatarsa ke saɓulewa in ka murza da babban yatsa ba zai kai kasuwar Mile 12 ta Legas lafiya ba. Kada ka zuba shi a buhu da jiƙa, kada ka bari rana ta mayar da shi kore.

A Yuli da Agusta kowa na haƙa, kasuwar dankali ta Maikatako da ke Bokkos ta cika, hanyoyin ƙauye sun lalace, dillali ne mai faɗa a ji. Ware manya daban, ƙanana daban, kada a saye maka duka da farashin ƙanana. Ku haɗu ku biyar ko shida ku cika mota ɗaya, ku san nauyin buhunku kafin ciniki, don tozon da ake ɗinkawa a bakin buhu daga aljihunku yake fita. Mai fili kusa da rafi kuwa ya raba jarinsa, ya bar kaso don noman rani, lokacin da bilait ke sauƙi kuma kaya ba su yi yawa a kasuwa ba.