Tabon Talge

Akwai tabo a hannun 'yata na dama, ƙasa da gwiwar hannu kaɗan, faɗinsa kamar yatsu uku. Ita har ta manta da shi. Ni ce duk safiyar Lahadi in ina shafa mata mai za mu tafi sujada, idona ba ya iya tsallake wurin.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Jos, shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan aiki. Ƙunar yara nawa na wanke, uwaye nawa na yi wa faɗa a kan barin yaro kusa da murhu, Allah kaɗai ya sani. Sai ga shi a farkon Disambar 2023 ni ce tsugune a bakin famfo, riƙe da hannun 'yar shekara bakwai, tana ihu ina ihu.

Abin ba ranar ya fara ba. Wata biyu kafin nan surukata ta zo daga ƙauye ganin likitan ido, ta kwana huɗu a wurinmu. Makon aikin dare nake. Na dawo da safe ido ya yi nauyi, na tarar yaran uku suna cin Indomie da ƙwai da babansu ya dafa musu. Mama ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Yaran nan ba sa cin ɗumame ne?" Iyakar maganarta ke nan. Ba ta ɓata fuska ba, ba ta ƙara ko kalma ba. Ni kuwa na ɗauki tambayar nan na shiga ɗaki da ita, na kwana da ita, na tashi da ita.

Ba a yi mako biyu ba aka shiga makon Zumuntar Mata a ikkilisiyarmu. Kun san abin da ake karantawa, Karin Magana 31. Mai wa'azin ta tsaya a aya ta 15, macen da take tashi tun da sauran dare ta shirya wa iyalinta abinci, ta ce matan yanzu sun bar 'ya'yansu a hannun 'yan aiki da abincin leda. Mata suka amsa da Amin, aka buga tulu, aka ɗauki waƙa. Ina zaune cikin zanen zumunta ina ji kamar ni kaɗai ake nunawa da yatsa. Kafin a rufe da addu'a na riga na yi wa Ubangiji alkawari, wanda bai ce in yi masa ba: daga yau abinci sau uku, da hannuna, sabo. Na sallami yarinyar da take zuwa mana wanke-wanke sau uku a mako. Baban yara kuma na ce masa kada in ƙara ganinsa a kicin, mutane za su ce ba shi da mata.

Abincin dai ya yi daɗi, wannan ba sai na tsaya faɗa ba. Ƙarfe huɗu na tashi in surfa wake in kai niƙa don ƙosai, in dama kunun gyada. Gwaten acca da yakuwa da gauta, wanda sai ka rege accar sau biyar ko shida kafin tsakuwa ta rabu da ita. Ranar Asabar ina kasuwar Farin Gada sayen kayan miya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gas ma ya fi ƙarfinmu a dafa tuwo da wake a kansa kullum, sai na koma kurfoti da gawayi a baranda. A ƙasa. Ku riƙe wannan, a ƙasa, daidai tsawon yaro.

Abin da ban lura da shi ba shi ne abin da bakina ya koma yi. Mita. Ba da kowa nake ba, da tukwane nake, amma da ƙarfi yadda duk gidan zai ji. "Ba mai taimakona a gidan nan. Ni kaɗai ce jakar gida." Kullum sai na faɗa, wata rana sau uku. Ni na kori mai taimakon, ni na hana mijin shiga kicin, ni kuma nake kukan ba mai taimako.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, na sauka daga aikin dare ban runtsa ba. Tuwon masara da miyar busasshiyar kuɓewa zan yi. Na yi ruɗe, talge ya fara tafasa, na rufe. 'Yata tana kan tabarma nan gefe tana haddar ayar da za ta faɗa a taron waƙoƙin Kirsimeti na yara. Sau biyu ta ce, "Mama, ki ji ko na iya," sau biyu na ce ta bari tukuna. Sai auta ya farka da kuka a ɗaki. Na jefar da mara, na faɗi maganar nan tawa, na shige.

Minti biyu ban yi ba.

Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo ta san yadda talge yake tsalle in ya ji wuta. Ta ɗauki muciya, ta buɗe murfin, ya fallatso mata, ta zabura, muciyar ta ja bakin tukunyar ta karkace a hannunta. Talge ba kamar ruwan zafi ba ne da zai zube ya wuce. Mannewa yake a fata ya ci gaba da cin ta.

Abu ɗaya da na yi daidai ranar shi ne famfo. Na cire mata awarwaro, na sa hannun ƙarƙashin ruwa mai gudu, minti ashirin cur ina duba agogo, ga sanyin hunturun Jos tana karkarwa. Maƙwabta suka cika gidan. Wannan ta kawo manja, waccan ta fasa ɗanyen ƙwai, wata tana neman man goge baki, wata ta ce gishiri. Na san da ƙauna suka zo, amma na daka musu tsawa, kuma har gobe ban yi nadamar wannan tsawar ba. Kada a shafa komai, kada a sa ƙanƙara, kada a fasa bororon. Ruwa mai sanyi mai gudu, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti.

A cikin keke muna tafiya, kuka ya ɗan lafa, sai ta ɗago ta ce, "Mama, ki yi haƙuri na zubar miki da tuwo. Kin ce ba mai taimakonki, shi ne na ce bari in taimake ki."

Na wanke ƙunar da ta fi wannan muni sau ba adadi hannuna bai taɓa rawa ba. Maganar nan ce ta kayar da ni. Wata biyu ina roƙon gafara a kan Indomie, ina ganin nan zunubina yake, ashe wanda zan amsa a gaban Allah yana bakina, ina maimaita shi safe da yamma a kunnen yarinyar da ta ɗauka da ita nake.

Mako uku muna zuwa wankin ciwo. Abokan aikina ne suke yi, ba wadda ta ce mini komai, shirun nasu ma ya fi faɗa ciwo. Da dare in ta yi barci ba na iya kwanciya, sai in ɗauki Littafi Mai Tsarki. A nan ne na karanta Karin Magana 31 daga farko har ƙarshe, a hankali, ba wanda yake tsaya mini a rabin aya.

Jama'a, aya ta 15 tana da sauran rabi. Macen nan da take tashi da sauran dare, ayar ta ci gaba ta ce tana ba barorinta mata rabonsu. Barori gare ta! Aya ta 14 ta kwatanta ta da jiragen fatake, daga nesa take kawo abincinta. A ta 16 ta duba gona ta saya. A ta 24 tana yin tufafi tana sayar wa 'yan kasuwa. Wato mai sana'a ce, mai fita, mai ma'aikata a ƙarƙashinta. Babin ma da maganar da wata uwa ta koya wa ɗanta sarki Lemuwel ya fara, ya ƙare da cewa mijin macen nan mai sana'a da 'ya'yanta su tashi su yabe ta, a ba ta ladan aikin hannunta. Daga baya fastonmu ya ce mini ayoyi 22 na ƙarshen babin waƙa ce, kowace aya ta fara da harafi ɗaya na Ibrananci bi da bi. Waƙar yabo ce, ni na mai da ita takardar tuhuma. Har yanzu in na tuna shekarun da na yi ina jin rabin ayar nan a bakin mata 'yan'uwana, ba wadda ta ƙarasa ta, raina yana ɓaci.

Sai labarin Marta a Luka 10. Tun ina makarantar Lahadi nake jinsa kamar gasa ce tsakanin mai girki da mai addu'a, mai girki ta faɗi. Daren nan da na karanta sai na ji muryata. Marta ta ce 'yar'uwarta ta bar ta da hidima ita kaɗai. Maganata ke nan, ba ragi. Yesu kuwa bai ce ta kashe wuta ba. A Yahaya 12 ga ta nan tana hidimar abinci a Betanya, ba wanda ya hana ta. A Yahaya 21 shi da kansa, bayan tashinsa daga matattu, ya hura gawayi a bakin teku ya gasa kifi ya kira almajiransa su karya kumallo. Abin da ya nuna wa Marta shi ne damuwar da ta cika mata zuciya. Kuma Marta ta fi ni, don ita wurin Ubangiji ta kai ƙararta kai tsaye, ta faɗi abin da take so. Ni watsa tawa na yi a iska, 'yar shekara bakwai ta cafe.

Da labari ya kai ƙauye Mama ta zo. Na shirya shan faɗa. Sunanta yarinyar ta ci, takwara take kiranta. Ta zaunar da ita a cinya, ta duba bandejin, ta yi mata addu'a, sannan ta juyo gare ni. "Ke kaɗai kike wannan aikin duka? Da aikin asibiti? Wa ya sa ki?" Ta ce a gidan da ta yi aure mata huɗu ne, girki bi da bi, daka tare, ga 'yan mata masu ɗebo ruwa da itace. Ita ba ta taɓa ɗaukar tuwon gida ita kaɗai na mako guda ba. Na ce, "Mama, ai ke kika ce yaran ba sa cin ɗumame." Ta yi shiru tana tunani, ba ta ma tuna ba. Can ta ce, "Ayya. Ni ce nake marmarin ɗumame ranar, wannan taliyar taku ba ta riƙe mini ciki."

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Wata biyu, da fatar hannun 'yata, a kan tsohuwa tana jin yunwa.

Laifin farko, na Indomie, na ƙarya ne, ya tafi da sauƙi. Na biyun, na mitar bakina, na gaske ne, shi ya daɗe. Sau biyu aka yi Jibin Ubangiji ban iya miƙa hannu ba. Wata a zumunta ta ce a gabana, wai aikin gwamnati ne yake jawo irin wannan, da uwa tana gida da bai faru ba. Ina gida fa, 'yar'uwa. Ina gida ina girkin da kuka ce in yi. Wannan maganar ban gama yafe ta ba, ina kan hanya.

Uwar zumuntarmu, tsohuwar malamar firamare, ita ta buɗe mini 2 Korintiyawa 7:10, inda Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda yake kai mutum ga tuba da wanda yake kai shi ga mutuwa. Ta ce, "'Yata, in na Allah ne zai nuna miki abu ɗaya da za ki gyara, ki gyara ki tashi. Wanda kullum yake ce miki ke ba uwa ba ce, ba ya nuna miki ƙofa, ba daga wurinsa yake ba. Kin roƙi Allah, na ji. Yarinyar fa?"

Ban saba ganin uwa ta roƙi ɗa gafara ba, ba a yi mini ba. Amma na durƙusa daidai tsawonta na ce mata ba ita ta yi laifi ba, maganar da nake yi ce ba ta da kyau, kuma ba da ita nake ba. Ta ce to. Sai ta ce, "Yanzu za ki ji ayata?"

Yanzu kurfoti yana bayan gida a kan dakali, da ƙofa tsakaninsa da yara. Miya sau biyu nake yi a mako, da yawa, in raba a robobi. Yarinyar wanke-wanke ta dawo, na ƙara mata kuɗi. Daren Alhamis na baban yara ne, Indomie da ƙwai da kabeji, kuma yaran sun fi ɗokin ranar a kan gwatena da nake rege wa acca sau shida, abin da har yanzu yake ɗan sosa mini rai. In ina son taimako sai in kira sunan mutum in ce yi mini kaza. Maganar nan takan taso mini har maƙogwaro in na gaji, makon jiya ma na kai "Ba mai" kafin na cije leɓe.

Watan da ya wuce ta ce in koya mata tuƙa tuwo. Cikina ya ɗuri ruwa, na ce sai ta ƙara girma. Ta ce ƙawayenta duk sun iya. Na sa ta saka riga mai dogon hannu, na rage gawayin da kaina har talgen ya daina tsalle, na nuna mata yadda ake buɗe murfi ta can gefe ya zame wa mutum garkuwa. Na tsaya a bayanta, hannuna a kan nata a jikin muciya. Tuwon ya yi gudaji. Muka ci da miyar kuka, babanta ya nemi ƙari.