Talata a ɗakin gwaji: jan ƙarfe da kalsiyam

Yinin yau duk a kan ƙwayoyin roba iri biyu masu tsamo ƙarfe daga cikin ruwa na ƙare shi. Asalinsu ɗaya ne, robar folistirin da aka ɗaure da sinadarin dibinilbenzin, ƙanana kamar yashi, cikinsu cike da ramukan da ido ba ya gani. Bambancin yana ga abin da aka dasa a bangon ramukan: na farko sinadarin salfonet, na biyu sinadarin iminodayasitet, mai naitirojin ɗaya da oksijin biyu da ke damƙe ƙarfe ta wuri uku.

Da safe na zuba kowanne cikin tsabtataccen ruwan da na narkar da gishirin jan ƙarfe, wanda ke sa ruwa ya yi shuɗi. Kafin rana ta take, ruwan ya washe, shuɗin ya koma jikin ƙwayoyin. Duka biyun sun burge. Da a nan na tsaya, sai in ce kunnen doki suka yi.

Da yamma na maimaita, amma na ƙara kalsiyam mai yawa, tunda ruwan rijiya da na masana'antu ba sa rabuwa da shi. Nan fa aka rabu. Salfonet cajin lantarki kawai yake bi, duk mai caji biyu da ya zo, jan ƙarfe ne ko kalsiyam, maraba yake yi da shi, kalsiyam ya cike guraben, ruwan ya zauna da shuɗinsa. Na biyun kuwa jan ƙarfen ya tsince. Shi ya sa ba na saurin yarda da manyan alƙaluman ƙarfin kamu da ake wallafawa idan a tsabtataccen ruwa aka auna. Masu neman yuraniyam a teku ma irin wannan gasar ce ke ci musu tuwo a ƙwarya: yuraniyam ɗin kusan maikurogiram 3 ne kacal a kowace lita, ga ƙarfen banadiyam na rige shi hawa zaren amidoksim da ake kamo shi da shi.

Na kuma sa ido sosai kan pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. In ya haura 6, jan ƙarfen da kansa yake daskarewa ya kwanta ƙasan kwalba, mutum ya ɗauka robarsa ce ta yi aiki. A wajen 5 na riƙe shi.

Kafin in tashi na wanke ƙwayoyin da asid mai sauƙi, suka saki ƙarfen, launinsu ya dawo. Gobe in Allah ya kai mu zan sake loda su, in ga ko ƙarfin kamun ya ragu, sannan in gwada dalma.